Sarki Mai Gini da Tsamiyar 'Yan Dara

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, wanda Allah ya jarraba da son gini. Wasu sarakuna da yaƙi ake tuna su, wasu da kyauta. Shi kuwa burinsa kada a shiga gari a ƙasarsa a rasa bangon da ya sa aka tayar. Bayan gini, ba abin da yake ƙauna kamar wasan dara, kuma tun da ya hau gado ba a taɓa cinye shi ba, domin fadawansa mutane ne masu hankali.

A bakin iyakar ƙasarsa akwai wani ɗan ƙaramin gari, Tsaunin Gayya. Sarki ya aika magina suka yi wa garin abubuwa uku: zauren taro mai zane-zane, da lambun shaƙatawa mai daɓe sumul kamar cikin tasa, da filin kokawa da aka shimfiɗe da duwatsu don kada ƙura ta ɓata rigunan manyan baƙi. Sannan ya kafa doka: duk wanda ya ƙarce daɓe ko ya ɓata bango, bulala ce rabonsa.

Da shekara ta zagayo, sarki ya tafi ganin aikinsa. Ya tarar da kome tsaf kamar jiya aka gama, amma ko akuya babu a ciki. Ransa ya ɓaci, ya dubi waziri.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan ba su san alheri ba. Wata tsohuwar tsamiya ce a bayan kasuwa ta ɗauke musu hankali. Can suke shawara, can suke sulhu, can suke dara."

Sarki ya ce, "A sare ta yau. In suka rasa ta, za su san hanyar lambu."

Masu gatari ba su daɗe da tafiya ba sai ga wani dattijo yana dogara sanda. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Wane ne kai?"

"Mantau ne, ya sarki, baƙon tsamiya."

"Baƙo, da furfurar nan?"

"Ta riga ni zuwa, ina kuma fatan in riga ta tafiya."

Sarki ya ce, "To, gaya mini, ya kai dattijo: da me itacen nan ya fi gine-ginena?"

"Ba ta fi su da kome ba, ya sarki. Su ne ma suka fi ta da abu biyu: ƙofa da mai gadi."

Sarki ya ji daɗin wannan amsa, ya ɗauka yabo ne. Sai Mantau ya roƙi alfarma ɗaya: su buga dara. In sarki ya ci, a sare tsamiya, shi da kansa zai ɗauki reshen farko. In bai ci ba, a bar ta. Sarki ya yi dariya, ya aika a dakatar da masu gatari, ya ce, "Na yarda. Amma a lambuna za a buga, don ka ga inda ya kamata a zauna."

Suka isa lambu. Mai gadi, wani dogo mai suna Cindo, ya buɗe musu ƙofa. Aka shimfiɗa wa sarki buzu, ya ce a haƙa guraben dara. Kowa ya sunkuyar da kai. Dara a ƙasa ake yin ta, da yatsa ake tona gurabenta, ga shi daɓe ya fi dutse tauri.

Sarki ya ce, "Cindo, kawo tsinke ka tona."

Cindo ya zube a gabansa. "Ranka ya daɗe, da hannun nan na tsula wa ƙanin mahaifina bulala kan ya ja sandarsa a nan. In na tona, wa zai tsula mini? Ni kaɗai ne mai gadi."

Sarki ya tuna dokar tasa ce, kuma sarki ba ya magana biyu. Ya ce a tafi filin kokawa. Can ma duwatsu ne, rana ta gasa su har takalmi na ɗaukar zafi.

"Ina 'yan kokawar?" in ji sarki.

Mantau ya ce, "An yi sau ɗaya, ya sarki. Wanda aka kayar har yau da sanda yake tafiya, wanda ya kayar kuma ya rantse ya tuba."

Aka nufi zauren taro, aka tarar da shi a kulle. Aka nemi makulli, aka ce yana wajen ɗan waziri, ɗan waziri kuwa yana birni. Waziri ya duƙufa gyaran rawaninsa.

Rana ta take tsaka. Gumi ya jiƙe wa sarki alkyabba, maƙogwaronsa ya bushe. Ya bi wata 'yar hanya da sawu ya share, har ya ji sanyi ya sauka a kansa. Ya ɗaga ido, sai ga shi a gindin tsamiya. Mutane suka zube suna gaisuwa. A can gefe masu gatarinsa ne a miƙe cikin inuwa, sun yi matashi da ƙotocinsu, ɗaya har da minshari.

Wata tsohuwa mai fura, Iya Tabawa, ta miƙo ƙwarya. "Sha, ranka ya daɗe, yau ce ta ƙarshe. Gobe sai lambu, in Cindo ya ga dama."

Sarki ya sha ya yi hamdala. Ya zauna a kan saiwa, yatsunsa suka shiga yashi suna tona gurabe tun kafin ya umarci kowa.

"Zo mu fara, dattijo."

Mantau ya ce, "Ya sarki, ai an gama. Kai ka gina ukun nan, kai ke da ikon buɗe su, amma da ka nemi wurin zama ƙafarka nan ta kawo ka. To, ina talaka, wanda sai ya roƙi Cindo?"

Sarki ya dubi yashin da ke yatsunsa. Sannan ya ce duk da haka a buga, don alkawari. Aka buga, Mantau ya cinye shi sarai, Iya Tabawa ta rangaɗa guɗa kafin ta tuna wanda aka ci.

Sarki ya sallami masu gatari. Ya sa aka cire ƙyauren zaure, aka kwashe duwatsun fili aka zuba yashi, aka fasa daɓen lambu, Cindo ne ya fara kai sara. Da zai hau doki ya ce wa waziri:

"Riƙe wannan, kai da ɗanka: adalci ba tsayin bango ba ne, inuwa ce da talaka zai shiga bai nemi izini ba."