Maki Biyu Cikin Goma

Akwai wani mutum da ake kira Mai Sikeli. Ba hatsi yake aunawa ba, ba kuma nama ba. 'Yan majalisar dokokin jiharsu yake aunawa.

Shekara tara ke nan yana wannan aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai ɗaki biyu, a saman wani shagon gyaran firij. Duk ƙarshen shekara yakan fitar da jadawali: ƙudirin doka nawa kowane ɗan majalisa ya kawo, sau nawa ya yi magana a zaure, sau nawa aka kaɗa ƙuri'a yana wurin. Sai ya haɗa, ya raba, ya ba kowa maki cikin goma. Rediyo ta karanta, mutane su yi ta turawa a waya.

Da farko da zafinsa ya fara aikin. Da shekaru suka tura, gajiya ta cinye zafin, girman kai ya zauna a gurbinsa. Ko sunan wa aka ambata sai ya taɓe baki ya ce, "Ku bar ni da su. Duk na auna su, babu mai nauyi."

A gida kuwa yana da damuwar da sikelinsa bai iya ɗauka ba. 'Yarsa Auta, mai shekara goma sha takwas, kurma ce tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama. Yarinya ce mai kai, burinta ta karanci haɗa magunguna. Amma a jarrabawar gama sakandare ta jihar akwai takarda ɗaya ta saurare: a kunna murya a lasifika, ɗalibai su rubuta abin da suka ji. Sau biyu Auta tana zama minti arba'in tana kallon biron wasu yana gudu a kan takarda. Sau biyu tana cin komai, tana faɗuwa a wannan. Dama uku kawai ake ba ɗalibi, saura mata ɗaya.

Wata safiya matarsa ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban Auta, shugabar makarantarsu ta ce kada mu yi mata rajista bana, mu dakata. Wai akwai dokar da ake shiryawa saboda irin su. Akwai ma wani mutum daga majalisa da ke zuwa makarantar duk wata, ya zauna a bayan aji yana rubutu."

"Wane ne?"

"Ban riƙe sunansa ba. Wani siriri mai tabarau."

"Hoto ya je ɗauka," in ji shi, idonsa na kan waya. "Ni zan gaya miki halinsu? Ku dakata ɗin, amma kada ki sa wa yarinya rai."

Auta tana gefe tana kallon leɓunansu. Ta taɓa kafaɗar uwarta, uwar ta mayar mata da zancen da hannu. Shi dai Mai Sikeli a maganar hannu abin da ya sani bai wuce zo, tafi, ci, barci da lambobi ba. Kullum cewa yake zai koya idan aiki ya lafa, aikin kuma bai taɓa lafawa ba.

Shekarar ita ce ta ƙarshe a wa'adin majalisar, don haka jadawalin na shekara huɗu ne gaba ɗaya. Ya tafi ɗakin ajiye bayanai, can ƙasan ginin majalisa, inda fanka ɗaya ke juya ƙura. Wata dattijuwar akawu ce ke kula da ɗakin, ana ce mata Uwar Fayil. Ta miƙa masa bugaggun bayanan zaman zaure, kamar yadda ta saba.

Sannan ta nuna masa wani kabad na ƙarfe a lungu, kamar yadda ta saba.

"Littattafan kwamitoci na nan, Mai Sikeli. Bana ma ba za ka duba ba?"

"Inna, rubutun hannu ne fa. Wa ke da idon karanta wannan tafiyar kazar?"

"A zaure ana magana ne. A kwamiti ake aiki."

"To su buga shi a na'ura, sai in ƙirga. Abin da ba ya cikin bugagge ba ya cikin awo."

Ta gyara tabarau ta koma kujerarta. Shekara tara tana faɗa masa haka, ita ma ta gaji.

Jadawali ya fito. Wanda ya zo na ɗaya wani ne da ake wa laƙabi da Lasifika, mai ƙudiri arba'in da ɗaya, wanda ya yi magana a zaure sau ɗari biyu da 'yan kai. Ya samu tara cikin goma. Ba wanda ya tambayi ina ƙudirorin suka kwana. Kusan duka takensu kawai aka karanta sau ɗaya, aka jefa a durowa.

Na ƙarshe kuwa wani tsohon malamin makaranta ne da abokan aikinsa ke ce wa Shiru. Ƙudiri ɗaya tak ya kawo a shekara huɗu, mai take kamar maganin barci: gyara ga sashe na ashirin da bakwai na doka mai lamba tara. Sau shida ya yi magana. Rabin ƙuri'un da aka kaɗa ba ya zaure. Mai Sikeli ya ba shi biyu cikin goma, bai buɗe ƙudirin ba.

Da aka gayyace shi rediyo, har da ƙarin gishiri. "Wannan bawan Allah," in ji shi, "kujerarsa ma ta fi shi aiki, don ita ko ƙara takan yi idan an zauna."

Mai gabatarwa ya yi dariya har da tari. Kafin magariba maganar ta zaga ko'ina. Shiru ya buga waya ofishin ƙungiyar sau biyu ya bar saƙo cewa yana son su gana. Mai Sikeli ya ce wa sakatariyarsa, "Ai duk wanda ya faɗi sai ya kira. Rabu da shi."

Bayan mako biyu jam'iyya ta yi zaɓen fid da gwani. Abokin takarar Shiru bai wahalar da kansa ba, jadawalin kawai ya buga ya raba. Shiru ya rasa tikiti.

Wanda ya rasa tikiti a majalisa, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa. An sa ƙudirinsa a jerin karatu na uku, wato matakin ƙarshe, a makon ƙarshe na wa'adi. Ranar farko aka ɗage. Rana ta biyu kowa ya tafi yaƙin neman zaɓe, mutum bakwai ne a zaure, ba su isa a yi zama ba. Aka rufe majalisa. Ƙa'ida kuma ita ce, duk ƙudirin da bai gama tsallakewa ba, ya mutu tare da wa'adin. Sai dai a sake daga farko.

Mai Sikeli ya dawo gida da yamma ya tarar da matarsa a zaune bakin gado, waya a cinyarta.

"Shugabar makaranta ta kira," ta ce. "Dokar ta mutu."

"Ai na faɗa miki."

"Ta ce mutumin ya faɗi zaɓe, abokansa suka watse suka bar shi. Wai wani jadawali ne ya kayar da shi." Ta ɗago ta dube shi. "Na rubuta lambar dokar a bayan kalanda. Je ka duba, tunda kai lamba ka fi ganewa."

Ya je ya ɗaga kalandar. Sashe na ashirin da bakwai, doka mai lamba tara. Ya tsaya riƙe da kalandar. Matar ta kau da kai, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari tun kafin a buɗe ofisoshi yana bakin ɗakin Uwar Fayil. Ta ciro mabuɗi daga jakarta ta buɗe kabad ɗin ƙarfe.

Ya zauna ya karanta rubutun da ya raina. Kwamitin ilimi ya zauna sau sittin da uku, Shiru bai tsallake ko ɗaya ba. Ɗakin taron kwamitoci ɗaya ne a ginin, kuma lokacin da aka ba nasu ya faɗa daidai da zaman zaure, shi ya sa ba a ganinsa wajen ƙuri'a. Sau goma sha ɗaya ya sake rubuta sashen, don hukumar jarrabawa ta daina samun hujjar ƙi. Abin da sashen ya ce gajere ne: ɗalibin da ba ya ji, a ba shi tafinta mai maganar hannu, a maye masa takardar saurare da ta karatu.

A shafi na arba'in ya ga shaidar da wata ɗaliba ta bayar ta bakin malamarta. Ba a rubuta sunanta ba. An dai ce ta faɗi sau biyu, kuma tana son karatun haɗa magunguna.

Ya rufe littafin.

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Shekara tara ina gaya maka," in ji ta.

A ranar ya rubuta gyara, ya nemi afuwa, ya fitar da sabon awo. Barkwancin kujera mutum dubbai suka tura. Gyaran kuwa mutum talatin da huɗu, cikinsu har da matarsa da sakatariya.

Da ya ce zai je ya ga mutumin, Auta ta ɗauko takalminta ta tsaya a bakin ƙofa. Ba sai an fassara masa wannan ba.

Sun tarar da Shiru a ofishinsa yana zuba takardu a kwalaye. An riga an cire allon sunansa daga ƙofa, saura ramukan ƙusa. Siriri ne mai tabarau. Da ya ga Auta fuskarsa ta washe, ya ajiye kwali, hannayensa suka fara magana. Ita ma ta mayar masa, da sauri, tana dariya. Mai Sikeli ya tsaya tsakaninsu kamar turke, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Kunya ta rufe shi.

"Ranka ya daɗe," ya ce da ƙyar, "ni ne mai jadawalin. Ni ne kuma mahaifinta."

"Na sani, Malam. Tun shekara uku na sani. Takan ce babanta babban mutum ne a rediyo."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Na kira sau biyu." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kuma ba na so ka ƙara mini maki saboda 'yarka. So na yi ka buɗe ƙudirin saboda aikinka ne."

Mai Sikeli ya dube shi. Ya ce, "Ka yafe mini."

"Ni kujera na rasa, kuma da ma na gaji da ita. Yara ɗari biyu da goma sha huɗu ne suka rasa shekara, wataƙila biyu, wataƙila huɗu. Su za ka nemi yafiyarsu." Ya tura masa wani kwali da ƙafa. "Duk aikin yana ciki. Sababbin 'yan majalisa za su shigo wata mai zuwa, kuma duk tsoron jadawalinka suke. Ka nemi mai ɗaukar ƙudirin, ka tsaya a kansa. Amma ka karanta tukuna."

Mai Sikeli ya ɗauki kwalin. Ya fi yadda ya zata nauyi.

A kan matakala ya tsaya ya huta, ya ajiye kwalin a ƙasa. Auta ta taɓa kafaɗarsa. Ta nuna ƙofar da suka fito, ta nuna shi, sannan ta yi alamar ƙirga da yatsu. Wannan kam ya gane. Tambayarsa take yi: Baba, nawa ka ba shi?

Ya so ya yi kamar bai fahimta ba, amma lambobi ne abin da ya iya. Ya ɗaga yatsu biyu.

Ta kalli yatsun, ta kalli fuskarsa. Ba ta yi fushi ba, hawaye ne kawai ya cika mata ido. Ta kama hannunsa ta buɗe sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ɗaya hannun shi ma ta buɗe, har suka cika goma. Ta riƙe su haka na ɗan lokaci.

Sannan ta sunkuya ta kama gefe ɗaya na kwalin, shi ya kama ɗayan, suka ci gaba da sauka.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da ƙidayar abin da ba ka buɗe ka karanta ba. Yawan magana ba shi ne yawan aiki ba, kuma hukuncin gaggawa yakan faɗa kan wanda ba ka zata ba, wani lokaci a cikin ɗakinka. Kafin ka auna wakilinku, tambayi abin da ya gama, da kuma wanda ya amfana. Idan labarin ya taɓa ka, tura wa wani ya karanta, musamman mai saurin tura abin dariya.