Goran Kura a Ranar Su

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani ɗan tafki a bayan garin namun daji, ba a taɓa kifinsa sai ranar su, wato ranar kamun kifi ta gari duka. Ranar kowa zai dafe goransa ya shiga ruwa da homa, abin da ya kama ya jefa ta bakin goran.

To, shekarar nan matar Kurege na jego, ba abin da ranta ke so sai romon tarwada. Kurege ya hau ɗan goransa, ya yi ta fama har Allah ya ba shi tarwada guda, ƙatuwa. Bai gama murna ba sai ga Kura bisa gora kamar rumbu. Ita fa ba ta iya homa ba, ƙwace ta iya.

"Kawo nan, Kurege. Kifi na babban gora ne."

Ta fizge ta jefa a goranta. Ran Kurege ya ɓaci, don ya baro maijego har ta ɗora tukunya. Amma ya daure, ya leƙa goran.

"Ranki ya daɗe, ai gora bai ji komai ba. A ƙara!"

Kura ta ƙwace karfasar Zomo, ta ƙwace ta Biri. Gora ya fara yin ƙasa. Ta ce, "Kurege, sanyi nake ji a ciki."

"Sanyin arziki ne, ranki ya daɗe. Gora bai ji komai ba. A ƙara!"

Ta bi masunta ɗaya ɗaya tana wawura. Kurege kuwa ya bi bayanta yana raɗa musu, "Ku kewaye ta, ku buɗe homa."

Saura 'yar mitsitsiyar karfasa a hannun Bushiya. Ruwa ya kai leɓen gora, Kura ta miƙa hannu, sai ta janye.

"Haba, ranki ya daɗe, Bushiya ce za ta tafi da kifi a gabanki? A ƙara!"

Tana jefawa, sai bul, bul, bul! Gora ya nutse, kifi ya watse, kowa ya cika homarsa. Kura ta sha ruwa ta ƙoshi, ta rarrafo bakin tafki da taɓo har kunne, ko ƙaya ba ta samu ba.

Kurege ya koma gida da tarwadarsa da ƙarin biyu. Maijego ta sha romo har da gumi.

Kun ji, yara, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kurunkus kan tarwada! Ba don maijego ta suɗe tukunyar ba, da na ɗebo muku.