Talotalo da Katin da Bai Kankare Ba

An yi wani Talotalo a wani tsohon gida da ke gefen gari, wanda girman kai ya yi masa katutu. A zamanin ƙuruciyarsa, in ya baza jela ya ja fikafikai a ƙasa, har kajin maƙwabta sukan hau katanga su yi kallo. Amma shekaru sun zo sun yi aikinsu. Gashin jelar ya zube, abin da ya saura bai fi tsohuwar tsintsiya ba.

Hotuna kaɗai suka rage masa na wancan zamani, kuma duk suna cikin kwamfutar da ke falonsa. Babu su a takarda, babu su a waya, babu su a ko'ina. Baƙo ba ya samun ruwan sha a gidan sai an zaunar da shi ya kalle su tun daga na farko.

A gidan akwai Zabuwa, wadda marigayiya matar Talotalo ta rena, shi ya sa take ce masa Kawu. Ita kuwa mita gare ta, in ta kama magana ba ta saki sai kunne ya gaji. Ita ce ta sa wa kwamfutar manhajar tsaro, wato antibairos, irin ta kyauta da ake saukewa daga intanet, don ta tare ƙwayoyin cutar da ke lalata abin da aka ajiye a ciki.

Manhajar tana aikinta daidai gwargwado, sai dai ita ma mitar gare ta. Ana zaune ƙalau sai ta faɗo da talla tana roƙon a sayi babbarta ta kuɗi.

Wata rana Agwagwa ta zo gaisuwa, aka zaunar da ita gaban hotuna. An zo kan wanda Talotalo ya fi so ke nan, sai tallar ta faɗo ta rufe jelar ruf.

Agwagwa ta karanta a hankali, ta ce, "Au! Ashe ta kyauta kuke amfani da ita a gidan nan?"

Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma wuyan Talotalo ya yi jawur. Tana fita ya ƙwala wa Zabuwa kira.

"Ke! Ni za ki ci wa mutunci a gaban baƙi? Jelata ce za a ba wa gadin sadaka?"

"Haba Kawu, me ta yi maka? Tunda na sa ta, ko ƙwaya ɗaya ta taɓa shiga?"

"Ba shiga nake magana ba, daraja nake magana!"

"To ka ji bambancinsu," in ji Zabuwa. "Ta kuɗi ba ta talla, tana da ƙarin tsaro, kuma in abu ya rikice akwai wanda za ka kira. Ta kyauta ba ta da waɗannan, amma tana kama ɓarayin yau da kullum. In za ka saya, ka saya, ba laifi. Ni dai kar a bar na'urar nan tsirara."

"Wa ya tambaye ki lacca?" in ji Talotalo, ya ja fikafikai ya nufi kasuwa.

A shagon Kurege mai kayan kwamfuta bai tambayi wadda ta fi kyau ba, wadda ta fi tsada ya tambaya. Aka miƙo masa kwali mai sheƙi, da zanen garkuwa a jiki, an naɗe shi da leda. Kurege ya yi masa bayani cewa akwai kati a ciki, sai an kankare shi lamba za ta fito. Ranar da aka shigar da lambar, ranar manhajar za ta fara aiki, kuma daga ranar shekararta za ta fara tafiya.

A hanyar gida Talotalo ya yi wani tunani, har ya tsaya ya jinjina wa kansa. Kwamfuta lafiyarta lau. To don me zai bar shekara ta fara zurarewa a banza? Ai sai a adana katin har ranar da ake bukata.

Yana isa ya sa aka cire ta kyautar. Ya ɗora kwalin a kan kwamfuta, da ledarsa da komai, ya juya garkuwar ta kalli ƙofa yadda duk mai shigowa zai fara cin karo da ita.

Zabuwa ta zaro ido. "Kawu, ba ka buɗe ba fa."

"Na sani."

"To a kankare katin mana!"

"Kin taɓa ganin mai lafiya yana shan magani?"

"Ba magani ba ne, riga-kafi ne! Yanzu fa babu komai a ciki. Ka kori mai gadin da ke ƙofa, ka kulle sabon a akwati!"

"Ke dai ba ki san harkar manya ba. Wace ƙwaya ce za ta ga kwalin nan ta tsaya?"

Tun daga ranar Zabuwa ta samu sabuwar waƙa. Ana cin dawa, "A kankare, Kawu." Ana shan ruwa, "A kankare, Kawu." Kwanaki suka yi ta wucewa babu abin da ya faru, wannan kuwa ya ƙara wa Talotalo ƙarfin gwiwa. Kullum da safe sai ya goge ledar da fiffike, ya ce, "Kin gani? Ko buɗe ta ba a yi ba tana aiki. Ina ga an buɗe?"

Ana nan sai ga Hankaka, wanda aikinsa yawo shago-shago yana tura wa tsuntsaye fina-finai da waƙoƙi. Bakinsa zaƙi kamar rake. Ya zauna ya kalli hotunan duka ba tare da ya yi hamma ba, abin da babu wanda ya taɓa iyawa.

"Ranka ya daɗe, wannan jela ai an zalunce ta," in ji shi. "Hotunan sun dushe. Ina da wata manhaja a filashina, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, in ta bi ta kansu, Ɗawisu da kansa sai ya zo neman sirri."

Zabuwa ta yi tsalle ta tare gaban kwamfutar. "Wannan filashin? Wanda babu na'urar da bai shiga ba a garin nan? Wallahi Kawu kar ka yarda! In kuma ka nace, a kankare tukuna."

"Matsa min nan!" Talotalo ya daka mata tsawa. Ya nuna kwalin da baki. "Ga abin da na saya da kuɗina. Hankaka, soka!"

Hankaka ya soka.

Da farko shiru. Can sai kwamfutar ta fara nauyi, ta yi ta gurnani. Talotalo ya danna hoton da ya fi so, aka rubuto masa cewa ya lalace. Ya danna na kusa da shi, haka. Yana kallo sunayen hotunan suna rikiɗewa, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

"Hankaka! Mene ne wannan?"

Hankaka ya tuna cewa ana jiran sa a wani wuri. Ya zare filashinsa ya bi ta taga, ko sallama babu.

Ledar da aka yi ta lallaɓawa, da baki Talotalo ya yage ta. Ya kankare katin da farce yana ihu, "Zabuwa, 'yar albarka, zo ki shigar da lambar nan!"

Zabuwa ta zauna ta shigar. Manhajar kuwa, a faɗi gaskiya, ta ci kuɗinta. Nan da nan ta bi lungu-lungu, ta kamo ƙwayar ta share ta tas. Sannan ta fito da rubutu kore shar mai kyan gani: "Barka! Kwamfutarka tana cikin cikakken tsaro."

Talotalo ya saki ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. To buɗo min jelata."

Zabuwa ta duba nan, ta duba can. Ta sake dubawa. Wurin hotunan fayau, babu komai.

"Kawu," ta ce a hankali, "cewa ta yi ta kori ɓarawo. Ba ta ce ta dawo da kaya ba."

Talotalo ya zauna daɓas. Ni mai ba ku labarin nan na sha yi masa dariya, amma a nan ya ba ni tausayi, don ba hotuna kaɗai ya rasa ba. Bayan kwana biyu wasu 'yan tsaki suka shigo wasa, ya tara su yana ba su labarin yadda jelarsa take rufe ƙofar zaure in ya baza ta. Suka leƙa bayansa, suka kalli juna. Suna da tarbiyya, don haka babu wanda ya yi dariya. Ƙaramarsu ce kawai ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, akwai hoto?"

Talotalo ya juya ya kalli kwamfutar. Shekara guda cur manhaja mafi tsada a garin ta yi tana gadin kwamfutar da babu komai a cikinta.

Darasin da ke cikin labarin nan, yara, shi ne: ta kyauta da ta kuɗi kowace da amfaninta, ku duba bukatarku da ƙarfin aljihunku ku zaɓa. Amma ta kyautar da ke aiki ta fi mai tsadar da ke cikin leda, kuma tun ana lafiya ake sa tsaro. Abin da ba ku so ku rasa kuwa, ku ajiye kwafinsa a wani wuri dabam, tun kafin Hankaka ya yi sallama.