Ƙaryar da Ke Cikin Fiyano

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a. Duk wanda ya ce ta zo mu ji ta, to ya gyara zama.

Akwai wani mai haɗa kiɗa a Haɗeja, sunansa Muttaka. Rannan yana shirya wa wata mawaƙiya, Radiyya, kiɗan waƙar biki, sai abokinsa Badamasi mai goge ya leƙo.

Badamasi ya ce, "Fiyanon nan naka maƙaryaci ne. Danna sauti biyu masu tafiya tare, ka kasa kunne."

Muttaka ya danna. Can ƙasa ya ji sautin yana ɗan rawa, bai tsaya cak ba. Abin ya ba shi mamaki.

"Ashe maƙeransa ba su iya ba! Ni zan gyara."

Ya shiga kwamfutar da ke haɗe da fiyanon yana saita sautukansa goma sha biyu, kowanne da abokin tafiyarsa. Duk suka zauna daram. Amma da ya zagayo, na ƙarshe ya haɗu da na farko, sai wani kuka ya tashi mai tsinka haƙora. Kuma daidai nan muryar Radiyya take sauka.

Ta toshe kunne. "Malam Muttaka, kiɗa ne wannan ko ƙofa ce ke neman mai? In bai gyaru ba, Kano zan kai waƙata."

Ya gyara nan, kukan ya ɓullo can. Ya bi shi can, ya dawo nan, kamar ambaliya a gonar shinkafa.

Da ya gaji, ya yi tagumi. Giɓin da ya rage tsakanin sautin ƙarshe da na farko ɗan mitsitsi ne, amma ya ƙi mutuwa. Can ya ce, "To, kowa ya ɗauki rabonsa."

Ya rage wa kowane sauti ɗan ƙiris, daidai wa daida. Kukan ya ɓace. Radiyya ta rera waƙarta har ƙarshe tana murmushi.

Da ya duba kwamfutar, sai ya ga saitin ya koma yadda maƙeran suka bar shi.

Badamasi ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka wuni kana tafiya, ka sauka a ƙofar gidanku!"

Muttaka ya ce, "Na ji. Amma yau na san abin da ya sa aka yi ƙofar a nan."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ƙare ta.

Darasi: Kafin ka raina aikin na gaba, nemi dalilinsa. Kuma aibin da ba ya gyaruwa, in kowa ya ɗauki kaɗan, ba ya yi wa kowa nauyi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.