Birkin Ƙasimu da Idon Dada

Akwai wani direba a Gwaram mai suna Ƙasimu, wanda yake jigilar fasinja zuwa Birnin Kudu. Mutum ne mai ƙwazo, sai dai Allah bai hore masa zama wuri ɗaya ba. Ko shayi a tsaye yake sha.

Tun farkon damina birkin motarsa ya soma ba shi alama. Idan ya taka ya riƙe, sai ya ji ƙafarsa tana nutsewa a hankali, sai ya yi ta famfo kafin motar ta tsaya. In man birki ya ragu, ya ƙara. Ranar da bai samu mai a kusa ba, ya kaɗa garin sabulu a ruwa ya zuba, kamar yadda ya ga wasu na yi a tasha.

Yayansa Haladu bakanike ne a bakin gari. Ya sha ce masa ya kawo motar ta yini a gareji.

"Yini guda cur, Yaya? Kai ɗaurin taya ma sai ka yi mata tafsiri. Ƙafata ta san motata."

Mahaifiyarsu, wadda suke kira Dada, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane fuska sai murya. Sai aka sanar cewa likitocin ido za su zo wani asibiti a Birnin Kudu, za su yi aiki na rana ɗaya. Wanda ya iso bayan azahar, sai dai ya jira dawowarsu bayan kaka.

Da safe Ƙasimu ya ɗauko Dada. A gangaren fita gari wasu tumaki suka ratso titi. Ya taka birki, birkin ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Ya yi famfo, babu komai. Da ƙyar birkin hannu ya tsayar da su a gefen kwalbati, Dada tana ta salati.

A giya ɗaya ya lallaɓa zuwa garejin Haladu.

"Yaya, zuba mini mai kawai, sauri muke."

Haladu ya buɗe kofin man, ya ga kumfa. Ya leƙa bayan tayar baya, ya shafo danshi da yatsa. Sai ya zare makullin motar ya jefa a aljihu.

"Ba ni makullina! Motata ce!"

"Motar taka ce," in ji Haladu, "amma uwar tamu ce."

Aka shimfiɗa wa Dada tabarma a inuwar darbejiya. Haladu ya ɗaga motar ya cire tayar, ya tarar robar da ke riƙe mai ta tsage. Ya kwance masta, wato tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi, ya ga ruwan sabulu ya sa ta tsatsa, robobinta sun ruɓe. Ya wanke, ya sauya, ya zuba sabon mai. Duk wannan lokaci Ƙasimu yana kai gwauro yana kai mari, ya dubi rana, ya dubi titi. Motocin Birnin Kudu da suka wuce duk a cike suke.

"Saura fitar da iskar da ta shiga hanyar man," in ji Haladu. "Aikin mutum biyu ne. Shiga ka zauna. In na ce taka, ka taka. In na ce riƙe, kada ƙafarka ta motsa sai na ɗaure na ce saki. Ka ɗaga da wuri, iska ta koma ciki."

Ya kwanta a ƙarƙashin motar da sufana.

"Taka! Riƙe!"

Ƙasimu ya ji birkin ya nutse, ya ɗauka an gama, ya ɗage ƙafa ya leƙo ta taga.

"Ya yi ko?"

"Wa ya ce ka saki? Ka shayar da ita iska. Mun koma farko."

Suka sake. Suna kan tayar ƙarshe wayarsa ta yi ƙara, ya juya zai ciro ta, ƙafar ta sake ɗagowa.

Daga inuwa Dada ta ce, "Ƙasimu, tun kana goye ba ka bari a gama ɗaure zane. Zauna mana, ɗan nan."

A karo na uku ya dafe gwiwarsa da hannu biyu, gumi na zuba, bai motsa ba har Haladu ya ce saki. Birkin ya tsaya ƙyam kamar dutse. Amma suna barin gareji ana kiran azahar.

Da suka isa Birnin Kudu, ma'aikaciyar jinya ta tare su a ƙofa da ladabi.

"Ku yi haƙuri, Malam. An shigar da mutum na ƙarshe. Ku kawo Inna bayan kaka, in Allah ya kai mu."

Ƙasimu ya roƙa har muryarsa ta dashe. Dada ce ta lalubo hannun rigarsa ta ce su tafi.

Suka kama hanyar komawa. Birki yana kamawa da taɓi ɗaya, kuma duk kamawar sai Ƙasimu ya ji ta a ƙirjinsa. Can sai Dada ta juya fuskarta wajen taga.

"Na ji ƙamshin gona. Gero ya fitar da kai kuwa?"

"Ya fitar, Dada."

"Na sa rai bana zan gan shi a tsaye. To, rage gudu ka faɗa mini yadda yake."

Ƙasimu ya rage gudu. Ya fara faɗa mata yadda geron yake, gona bayan gona.

Darasi: Gyaran da ka hana wa yini guda, wata rana zai ƙwace maka ranar da ba ta da madadi, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi ne zai ɗanɗana kuɗarsa. In birki ya fara nutsewa, tsaya a duba shi tun kana da zaɓi. Ku tura wa duk direban da kuke ƙauna.