Farfelar da Hashimu Ya Raina

A wani gari na bakin kogi, shekarun baya, an yi wani bawan Allah bakanike, Malam Gwadabe. Ba gona, ba shanu. Abin da ya mallaka a duniya suna ne kawai: duk injin jirgin da ya taɓa, ba ya kunyata mai shi a tsakiyar ruwa. Da wannan suna yake ciyar da iyalinsa. Ku riƙe wannan.

Akwai kuma wani mai fito, Hashimu, da ke kai mata da buhunan albasarsu kasuwar ƙetare. Wata rana farfelar injinsa ta daki kututture, fiffike ɗaya ya karye. Da ya je rumfar tsoho Malam Gwadabe, sai idonsa ya sauka kan wata babbar farfela mai walƙiya. Kun dai san ɗan Adam da abu mai ƙyalli.

"Baba, wannan za ka sa mini."

Tsohon ya duba haƙoran cikinta, ya juya ta a hannu. "Shiga kam za ta shiga, ɗana. Amma dubi kwanciyar fikafikanta. Ta jirgin gudu ce, marar kaya. Naka jaki ne, za ta shaƙe maka inji." Ya jawo wata ƙarama wadda fentinta ya goge. "Ga taka."

A gaban mutane Hashimu ya ce tsufa ya cinye idon tsohon, kwantai yake so ya liƙa masa. Malam Gwadabe ya mayar da ƙaramar ya ajiye. Hashimu ya sayo irin mai walƙiyar a wani gari, ya ɗaura da kansa, ba wanda ya sani.

Ranar kasuwa jirgi ya cika maƙil. Suna kaiwa inda ruwa ke ja, inji ya fara nishi, ya yi hayaƙi, ya mutu. Ruwa ya kwashe su, mata na salati, aka zubar da buhu biyar, kafin Allah ya sa suka kafe a kan yashi.

To, ku saurara. Wa ya fara isowa? Malam Gwadabe, a ɗan kwale-kwalensa, da ƙaramar farfelar nan naɗe cikin tsumma. Tun daga gaɓa ya ji kukan injin, ya gane. Ya shiga ruwa har ƙirji yana kwance noti, mata suka yi masa caa.

"Ba kai ne bakanikensa ba? Saura kaɗan ka kashe mu, tsohon banza."

"Ku yi haƙuri, bayin Allah," ya ce. Bai ƙara ko kalma ba.

Hashimu yana tsaye yana ji, ya yi shiru. Shiru fa, jama'a. Mako guda ba wanda ya kai inji rumfar tsohon. Hashimu in zai wuce sai ya zagaya ta bayan masallaci. Rana ta takwas ya je gaban tsohon ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa, wace mace za ta ƙara shiga jirginka? 'Ya'yanka shida."

Kunya ta kama Hashimu har ya ji da ma ruwan nan ya tafi da shi. Kasuwa ta zagayo, ya hau goshin jirgi da farfelar mai walƙiya a hannu, ya faɗi komai. Rabin matan suka sauka da kayansu. Ya kalle su suna tafiya, bai kira kowa ba. Kafin la'asar an ajiye inji uku a ƙofar rumfar Malam Gwadabe.

'Yan'uwa, wanda ya san abu ya gaya maka gaskiya, kada ka raina shi don rigarsa ta koɗe. Ka ga aibin ɗan'uwanka, ka rufa masa asiri. Amma kai da aka rufa wa, ji nan da kyau: a cikinmu akwai wanda yau wani ke shan zagi a kan laifinsa, shi kuma yana zagayawa ta bayan masallaci. Ka san kanka. Kafin ka isa gida, ka biya ta rumfar.