Jar Kabar Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku yi shiru, yau na gaji, sau ɗaya zan faɗa. Ke Lantana, sauka daga kan ƙafata.

Gafiya dai gwanar saƙar faifai ce, amma ta fi ƙwarewa wajen tara kayan saƙar. Kaba baƙa, kaba koriya, duk ta rina ta ɗaure dami-dami a ƙuryar raminta. Akwai dami guda na jar kaba, wannan ko kallonsa ba ta bari a yi.

Rannan aminiyarta Bushiya za ta yi aure. Ta zo ta ce, "Ƙawata, ba na son komai sai faifai ɗaya na hannunki, da jar kabar nan, in riƙa rufe ƙwaryar furata."

Gafiya ta ce, "An gama." Ta koma ta ɗebo ruwa za ta jiƙa kaba, don busasshiya ba ta saƙuwa. Ashe Gara ta yi gida a ƙarƙashin damin. Sai ta leƙo ta ce, "Haba Gafiya! Jar kaba don aure kawai? Aure ai kowa ma yana yi. Bari sai ta haihu."

Gafiya ta ce, "Kuma fa gaskiyarki." Ta zubar da ruwa, ta tafi biki da baki kawai.

Shekara ta zagayo, Bushiya ta haihu. Ta aiko ta ce, "Ina faifaina?" Gafiya ta sake ɗebo ruwa. Gara ta leƙo, baki cike, ta ce, "Don suna? Tuwo zai ɓata shi. Bari sai auren 'yar."

Gafiya ta ce, "Me kike taunawa?"

Gara ta ce, "Ƙasa ce, baiwar Allah."

Aka sake zubar da ruwa. Gafiya ta ci gaba da jawo kaya rami, yau zare, gobe basilla, har wurin kwanciya ya gagare ta. Kullum a gajiye take, ba ta kuwa saƙa komai ba.

Ana nan, ana nan, 'yar Bushiya ta isa aure. Wannan karon Bushiya ba ta aiko ba. Abin ya dami Gafiya. Ga ido ya fara raguwa, ga baya yana ciwo, amma ta lallaɓa ta ɗebo ruwa. Gara ta leƙo ta ce, "Bari sai jika ya..."

Gafiya ta ce, "Rufa mini baki, na gaji!"

Ta sa hannu ta ɗaga damin. Sai ya ruɓushe, ya zube kamar dusa. Ta ɗaga baƙa, gari. Ta ɗaga koriya, gari. Gara kuwa tuni ta shige ƙasa, tana cewa, "Na ga ba kya amfani da su ne."

Gafiya ta ja ƙafa har gidan Bushiya, hannu rabbana. Ta tarar da ƙwaryar fura an rufe da ganye, ƙuda na ta zagayawa. Ta ce, "Ƙawata, ba faifai a kasuwa ne?"

Bushiya ta ce, "Akwai. Na ƙi saya ne, kada ki kawo naki ki tarar da na wata ki ji ciwo. Ina yake?"

Bushiya ta dubi hannun Gafiya, ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta juya baya ta dunƙule, ta bar mata ƙaya.

Shi ya sa har yau in kun taɓa bushiya sai ta dunƙule. In kuma aka haƙa ramin gafiya, tarkace za a tarar, kayan faifan da ba ta saƙa ba. Abin da kuka ajiye don wani, ku ba shi tun yana nema.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ɗauke ta.